Tatsuniyar Da Ba Ta Da Ƙurunƙus

A 'yan shekarun nan da wuya a yi taron zumuntar mata, ko zaman dattawan ikilisiya, a tashi ba a taɓo maganar abin da yaranmu suke karantawa da abin da suke kallo ba. Wata uwa za ta ce ta tarar da littafi a jakar makarantar ɗanta, a bangon littafin ga hoton yaro ya hau tsintsiya yana shawagi a sama. Wani uba zai ce 'yarsa ta raba dare tana kallon fim ɗin wasu halittu masu dogayen kunnuwa da waɗansu gajerun mutane suna yaƙi a kan wani zobe. Malamin makarantar Lahadi kuma zai ce yaran ajinsa sun fi sanin sunayen jarumawan wasannin wayar hannu a kan sunayen manzanni goma sha biyu. Daga nan sai taro ya rabu biyu. Wasu su ce a hana gaba ɗaya, har ma a tara littattafan a ƙone, wasu kuma su ce ai wasa ne kawai, a ƙyale yara su sha iska.

Ra'ayinmu shi ne, iyaye suna da gaskiya da suka damu, amma yawancinmu ƙofar gida muka tsare alhali kuwa ɓarawo ta katanga ya hauro.

Ba mu raina tsoron da ke zuciyar iyaye ba. A ƙasarmu maganar tsafi da bokanci ba abin dariya ba ne. Mun san gidajen da zuwa wurin boka ya rusa, mun kuma sha jin labarin waɗanda suka zub da jinin ɗan Adam don neman kuɗi ko muƙami. Littafi Mai Tsarki bai yi sassauci a kan wannan ba. Maimaitawar Shari'a sura 18 ta hana duba da sihiri da neman shawarar matattu, a Ayyukan Manzanni sura 19 kuma an faɗi yadda masu sihiri na Afisa suka tuba suka tara littattafansu suka ƙone a gaban jama'a, littattafan da kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Wannan wuri ne masu cewa a ƙone suke kafa hujja da shi. Wata ikilisiya a jihar New Mexico ta Amurka ta bi wannan hanya a watan Disamba na 2001, ta cinna wa littattafan Harry Potter wuta a bainar jama'a.

To, amma ya kamata mu tambayi kanmu, waɗanne irin littattafai ne aka ƙone a Afisa? Kayan aiki ne. Da su masu sihiri suke cin abinci, a cikinsu ake rubuta abin da za a karanta da abin da za a haɗa domin a cuci wani ko a mallake shi, masu su kuma sun gaskata da abin da ke ciki. Ƙagaggen labari kuwa wani abu ne dabam, kuma mu Hausawa bai kamata a koya mana wannan bambanci ba, domin da shi aka yaye mu. Wace kaka ce ba ta ba jikokinta labarin Gizo da Ƙoƙi ba, ko na dodon da ya tsare rafi, ko na yarinyar da ta auri aljani? Ba a taɓa jin yaro ya zama boka don ya ji tatsuniya ba. Dalili kuwa shi ne tatsuniya tana da ƙofar shiga da ƙofar fita. Da an ce ga ta nan ga ta nanku, kowa ya san an shiga duniyar da ba ta gaskiya ba. Da an ce ƙurunƙus, kowa ya san an fito, sai a je a kwanta. Mai ba da labarin ma tana zaune a tsakanin yara, in ƙaramin ya tsorata ta jawo shi jikinta.

Rubutaccen adabinmu ma haka ya faro. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, cike suke da aljanu da abubuwan al'ajabi, kuma an karanta su a makarantu shekara da shekaru, har da 'ya'yan masu bi. A 1969, shekarar da mutum ya fara taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka ɗauka yawo sararin samaniya. Ke nan ko labarin kumbo da taurari ba baƙo ba ne a harshenmu.

Shi kansa Littafi Mai Tsarki bai ƙi ƙagaggen labari ba in an yi shi don gaskiya ta shiga kunne. A Littafin Mahukunta sura 9 Yotam ya ba mutanen Shekem labarin itatuwa da suka fita neman sarki, zaitun ya ƙi, ɓaure ya ƙi, kurangar inabi ta ƙi, ƙaya ta karɓa. Itace ba ya magana, Yotam ya sani, masu jinsa ma sun sani, amma sun gane da wa ake. Annabi Natan da labarin 'yar tunkiya ya kama sarki Dawuda.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, irin waɗannan littattafai na duniyar almara da muke gani yau, masu bi suna cikin waɗanda suka kafa harsashinsu. John Bunyan, wanda ya yi shekara 12 a kurkuku a garin Bedford na Ingila saboda ya ƙi barin wa'azi, ya fitar da The Pilgrim's Progress a 1678, kuma a cikinsa akwai dodo da ƙaton da yake kulle matafiya a gidan yarinsa. J. R. R. Tolkien, marubucin The Hobbit na 1937 da The Lord of the Rings na 1954 zuwa 1955, wato labarin zoben nan da uban ya yi kuka da shi, ɗan Katolika ne mai riƙon addini ƙwarai. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara 12, wani limamin coci ne ya riƙe shi. Daga baya ma ya sa hannu a fassarar littafin Yunusa a wani juyi na Littafi Mai Tsarki da ya fito da Turanci a 1966. Abokinsa C. S. Lewis kuwa ya yi ƙuruciyarsa yana musun akwai Allah. A wani dare na watan Satumba 1931, a jami'ar Oxford inda dukansu suke koyarwa, suka yi doguwar hira a kan tatsuniyoyin mutanen da. Lewis yana ganin duk ƙarya ce mai daɗin ji, Tolkien kuma ya nuna masa cewa labaran nan na wanda ya mutu don wasu ya kuma tashi, waɗanda suke motsa zuciyarsa, kamar inuwa ce ta abin da ya faru da gaske a cikin Bishara. Ba a yi mako biyu ba Lewis ya ba da gaskiya ga Almasihu. Shi ne ya rubuta littattafai bakwai na Narnia tsakanin 1950 da 1956. A wanda ya fara fitowa akwai mayya, har a sunan littafin ma an ambace ta, amma zuciyar labarin zaki ne mai suna Aslan da ya ba da ransa a madadin wani yaro maci amana, sa'an nan ya tashi. Da za mu bi ƙa'idar duba bango mu ƙone, da wannan littafi yana cikin na farko da za su shiga wuta.

Saboda haka kasancewar sihiri a labari bai isa ma'auni ba. Abin da ya kamata uba ko uwa su bincika shi ne abin da labarin yake koya wa yaro game da iko: daga ina iko yake zuwa, me ake biya a same shi, wa kuma labarin ya ɗaukaka a ƙarshe? Siman mai sihiri na Samariya, a Ayyukan Manzanni sura 8, zunubinsa shi ne ya ɗauka ikon Allah abin saye da kuɗi ne. A labarin Tolkien zoben iko ne tsantsa, duk wanda ya riƙe shi sai ya lalace, masu hikima kuwa ƙin karɓarsa suka yi ko da an miƙa musu. Wanda aka ɗora wa kai shi inda za a hallaka shi ƙaramin mutum ne marar ƙarfi, kuma shi ma a bakin ramin wutar ya kāsa. Abin da ya ceci duniyarsu shi ne jinƙan da aka taɓa yi wa wani abin tausayi da ya cancanci kisa. Mun sha jin wa'azi a kan alheri da bai kai wannan shiga zuciya ba.

Game da Harry Potter, wanda aka fi kawo mana ƙara a kansa, littattafai bakwai ne da J. K. Rowling ta fitar daga 1997 zuwa 2007, an kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 500. Makarantar mayu ce, gaskiya ne, kuma ba mu ga laifin iyayen da suka ce sunan kaɗai ya ishe su ba. Amma wanda ya karanta zai tarar mugun labarin mutum ne da tsoron mutuwa ya sa yake kashe mutane domin ya dawwama, wato daidai abin da muke kira tsafi, kuma labarin la'antarsa ya yi daga farko har ƙarshe. A littafi na bakwai ma an rubuta ayoyi biyu a kan kaburbura, Matiyu 6:21 da 1 Korintiyawa 15:26. Gargaɗinmu dai shi ne littattafan suna ƙara duhu yayin da suke tafiya. Na farko ɗan shekara goma zai iya ɗauka, na ƙarshe kuwa akwai kisa da azabtarwa da ba su dace da ƙaramin yaro ba.

Kada kuma a ce mun wanke kowane labari. Philip Pullman, a littattafansa uku na His Dark Materials da suka fito daga 1995 zuwa 2000, da gangan ya mai da hukumar addini azzalumar labarin, shi kansa kuma bai ɓoye ƙiyayyarsa ga littattafan Narnia ba. Matashin da ya karanta shi yana bukatar babba da zai zauna su yi muhawara. A fina-finan Star Wars, waɗanda suka fara a 1977, akwai wani iko da ya cika sararin samaniya, mai ɓangaren haske da na duhu, wanda jarumi yake koyon sarrafawa. Mun ji wasu matasa suna kwatanta shi da Ruhu Mai Tsarki. Wannan kuskure ne da malamin makarantar Lahadi zai iya gyarawa cikin minti biyar, in ya san fim ɗin, domin Ruhu Mai Tsarki ba a sarrafa shi, ba shi kuma da ɓangaren duhu. Dune kuwa, littafin Frank Herbert na 1965 da aka mai da shi fim a 2021 da 2024, labarin mutanen hamada ne da wani baƙo ya hau kan annabcin da aka dasa musu ya zama mai cetonsu, ya kai su ga yaƙi mai cin rayuka ba iyaka. A ƙasar da masu kiran kansu annabawa suka yi yawa, wannan labari abin tattaunawa ne a taron matasa.

Yanzu bari mu zo kan katangar da muka ce ɓarawo ya hauro ta kanta. Labarin da muke tsoro shi ne wanda ba shi da ƙurunƙus, kuma iri biyu ne.

Akwai wanda ba ya yarda cewa shi labari ne. Tun daga Living in Bondage na 1992, fina-finan gida na tsafi da maita suka cika kasuwa, da yawansu kuma da addu'a da tuba suke ƙarewa, don haka muka shigo da su ɗakunanmu ba tare da tambaya ba. Wasu sun yi amfani, ba mu musa ba. Amma yaron da ya kalli fim ɗin zobe ya san babu irin wannan ƙasa a duniya, wanda kuwa ya kalli fim ɗin da aka nuna ƙaramar yarinya tana tashi da dare tana cin naman 'yan gidansu, aka kuma ce masa haka abin yake, gobe da wane ido zai dubi marainiyar da ake riƙo a maƙwabta? An doki yara a ƙasar nan, an kore su daga gida, an kashe wasu, a kan zargin maita, har ta kai jihar Akwa Ibom ta yi doka a 2008 da ta mai da laƙaba wa yaro maita laifi. Abin kunya ne a faɗa, amma a majami'u aka yi wasu daga cikin waɗannan zarge-zarge. Ba littafin Turawa ne ya jawo wannan ba.

Sai kuma wanda ba ya ƙarewa. Littafi yana da shafin ƙarshe, fim yana ƙarewa cikin awa biyu ko uku. Wasannin bidiyo na da ma haka suke, ka kashe dodon ƙarshe ka ajiye. A lokacin abin da ya tayar da hankali shi ne zubar da jini, kamar a Mortal Kombat na 1992, wanda ya sa majalisar dattawan Amurka ta yi zama a 1993, aka kuma kafa hukumar sa alamar shekaru a jikin wasanni a 1994. Amma yawancin wasannin da suke cikin wayoyin yaranmu yau an gina su ne domin kada a gama. Ana shiga kyauta. Kullum akwai ladan da za ka rasa in ba ka leƙa ba, akwai abokan wasa da suke jiranka ko da ƙarfe biyun dare ne, akwai kuma tufafi da makamai na jarumi da ake saye da kuɗi na gaske. Wasu wasannin suna sayar da rufaffen akwati, ka biya ba ka san abin da ke ciki ba, in ba ka dace ba ka sake biya. Ƙasar Beljiyam ta duba wannan a 2018 ta ce caca ce. A ƙarshen 2022 kamfanin da ya yi Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka, a kan zargin tattara bayanan ƙananan yara ba da izinin iyaye ba da kuma dabarun da suke sa mutane saye ba da niyya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, wato idan wasa ya fi ƙarfin mutum har ya ture karatu da aiki da iyali na tsawon lokaci. Ƙasar Sin kuwa a 2021 ta ƙayyade wa 'yan ƙasa da shekara 18 awa uku kacal a mako na wasa ta intanet. Ba muna cewa gwamnatinmu ta kwaikwayi Sin ba ne, muna nuna cewa waɗanda suka fi mu sanin kayan nan ba su ɗauke su wasa ba.

A nan ga Siman ya dawo ta wata hanya. Yaro yana koyo kullum cewa iko abin saye ne, wanda ya fi kuɗi ya fi ƙarfi. Kuɗin kuwa daga ina? Daga kuɗin tara na makaranta, daga canjin cefane, wani lokaci daga asusun uwa da wayar take haɗe da shi. Uwar da ta ƙwace littafi mai hoton tsintsiya ta ji ta yi aikin Allah, sa'an nan ta miƙa wa yaron wayarta don ya bar ta ta huta. Ba muna zarginta ba ne, gajiya ce, kuma dukanmu mun yi. Ba kuma kowane wasa ne haka ba. Akwai irin su Minecraft da yara suke gine-gine a ciki, akwai masu labari mai kyau da yake da farko da ƙarshe. A jikin da yawa akwai lambar shekaru, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, amma iyaye nawa ne suka taɓa dubawa?

Muna kira ga iyaye su koma wurin da kaka take zama, wato tsakiyar yara. Wanda ya iya karatu ya karanta babi ɗaya na littafin da ya tsorata shi kafin ya yanke hukunci. Wanda bai iya Turanci ba ya sa yaron ya ba shi labarin da Hausa bayan cin tuwon dare, ya tambaye shi wane ne mugu, me ya sa, me jarumin ya ƙi yi ko da zai mutu. Daga amsar yaro za a gane abin da labarin ya shuka. A sa wa wasa lokacin tashi tun kafin a fara, waya kuma ta kwana a ɗakin iyaye.

Ga fastoci da shugabannin matasa, muna roƙo kada a hau bagade a la'anci abin da ba a karanta ba, domin yaron da ya karanta ya san ba haka abin yake ba, ran da kuma aka gaya masa gaskiya a kan wani abu mai haɗari ba zai saurara ba. Ikilisiyar da take da injin nuna fim tana iya nuna fim ɗin Narnia na 2005 a daren Asabar, a zauna a tattauna bayan an gama.

Akwai kuma aikin da ya rage wa marubutanmu. 'Yan asalin ƙasar nan sun riga sun shiga wannan fage da Turanci. Nnedi Okorafor ta ci manyan kyaututtukan labaran kimiyya biyu a 2016 da littafinta Binti, a 2024 kuma aka fitar da Iwájú, zanen fim da ya ƙaga birnin Legas na nan gaba. Da Hausa fa? Muna da matasa a ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na ikilisiyoyinmu da suke rubuta wasan Kirsimati kowace shekara, wasunsu da gwaninta ƙwarai. Wannan shafi a shirye yake ya buga gajeren ƙagaggen labari da Hausa daga hannunsu, ko na dodo ne ko na kumbo, muddin an rubuta shi da kyau kuma bai wuce shafi ɗaya ba. A aiko wa edita.